Shekara Ashirin da Huɗun da Aka Ƙara wa Mijina a Zaure

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Tsare-tsaren Lafiya na shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka, ina yi maka ban gajiyar zuwa garinmu, Rafin Kanya, makonni uku da suka wuce. Ba ka san ni ba. Ni ce matar da ta tsaya a bakin taga da hijabi ruwan toka lokacin da kake jawabi a ajin 'yan aji shida, ajin da na shekara goma sha huɗu ina koyar da lissafi a cikinsa. Sunana Rabi Isa. Sau uku na ɗaga hannu, mai gabatarwa ya ce tambayoyin mata a rubuce za a karɓa. Na rubuta, na kai ofishinka da ƙafata har sau biyu. Akawunka ya ce mini bayanan garinmu sun riga sun tafi sama, kuma abin da ya tafi sama ba ya dawowa. Tunda ban san hanyar saman ba, na ga gara in buga wasiƙar inda kowa zai gani, wataƙila na saman ma su karanta.

Maganata guda ɗaya ce, Yallaɓai. Kada a ɗauke mana Malama Saratu, ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu, a ƙarshen wannan wata. Lissafin da kuka dogara da shi kuka yanke wannan hukunci ba gaskiya ba ne. Na san ba gaskiya ba ne domin da mijina aka yi shi.

Na ɗaya: abin da ka faɗa mana.

Zan maimaita, don kada a ce matar ƙauye ce, ba ta fahimta ba. Ka manna babbar takarda a kan allona, mai ɗauke da zane-zane kamar karan dawa da aka jera, wasu dogaye wasu gajeru, kowanne da sunan ƙasa a gindinsa. Ka ce yanzu masana ba yawan mamata kawai suke ƙirgawa ba, shekarun da aka yi asara suke ƙirgawa. A ɗauki shekara saba'in a matsayin ma'auni. Wanda ya rasu yana da sittin, an yi asarar goma. Wanda ya rasu yana da ashirin, an yi asarar hamsin. Wanda ya kai saba'in ko ya wuce, ba a rubuta komai a kansa. A tara duka, a auna da yawan jama'a, sai a ga wace ƙasa ce mutanenta suke tafiya da wuri. Ka nuna mana gajerun kara na ƙasashen da suka ci gaba, ka nuna mana dogon namu. Wallahi lissafin ya burge ni. Ɗebewa ce da tarawa, 'yan ajina ma za su iya.

Sai ka juya takardar, ka nuna na garuruwan shiyyarmu da aka yi wa irin wannan awo. Karan Rafin Kanya ko tsawon ɗan yatsa bai kai ba. Ka yi murmushi ka ce idan aka ɗauki garinmu shi kaɗai aka jera shi da ƙasashen can, ba za mu ji kunya ba, domin a shekarar da aka ƙirga kusan duk wanda ya rasu a nan ya ci shekarunsa. Maza suka yi tafi. Wani daga baya ya ce ashe mun kamo Turawa ba mu sani ba, aka fashe da dariya. Cikin wannan dariyar ka saka maganar cewa tunda haka ne, za a mayar da Malama Saratu wani gari da ya fi mu buƙata, a rufe ɗakin sai ranar rigakafi. Rabin masu tafin ba su ma ji ba, sai da aka watse aka gaya musu.

Na biyu: wane ne mijina, kuma shekarunsa nawa.

Sunansa Habibu. Manomin albasa ne a fadama da rani, gero da dawa da damina. Ranar wata Talata da hantsi yana ban ruwa, ya dafe ƙeya, ya zauna a bakin kwami, bai sake tashi da ƙafarsa ba. Aka ɗauko shi a amalanke zuwa titi, aka samu mota. Kafin su wuce Dawakin Tofa rai ya yi halinsa. Takardarsa ta gama firamare tana cikin akwatina, da ranar haihuwarsa a jiki. Shekararsa arba'in da shida. Autarmu ba ta shiga aji ɗaya ba tukuna.

A fom ɗinku an rubuta masa saba'in. Dalilin rasuwa: tsufa. Malama Saratu ce ta nuna mini kwafin da aka bar mata, na karanta da idona, na sake karantawa. Mutumin da yake ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya ɗora a kan babur, wanda furfurarsa ba ta cika goma ba, don ni nake tsokanarsa ina ƙirga ta, shi ne tsufa ya kashe.

Ba zan ɓoye nasa laifin ba. Ya fi wata uku yana kukan ciwon kai da jiri. Na yi na yi ya je Malama Saratu ta auna jininsa, ya ce shi ba zai je ya bi layin masu ciki ba. Taurin kansa ne, Allah Ya gafarta masa, kuma har yau idan na tuna haushi nake ji kafin hawaye ya zo.

Na uku: yadda aka yi.

Ma'aikacinku mai cike fom ɗin ya zo wata biyu bayan rasuwar. Ina cikin takaba. Namiji ne, saboda haka a zaure ya tsaya, kamar yadda kowane baƙo mai mutunci yake yi, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa. Wanda ya amsa tambayoyin shi ne Baffa Sule, ƙanen mahaifin Habibu, babban gidanmu. Ni ina ɗaki, taku ashirin daga wurin, da takardar firamaren Habibu a akwati a ƙarƙashin gadona. Ba wanda ya aiko a tambaye ni. Ban ma san an zo ba sai da aka dawo da kwanon ruwan.

Yallaɓai, kai ma Bahaushe ne, ka san abin da zan faɗa, sai dai ko ofis ya sa ka manta. A wurinmu ba a rage wa mamaci shekaru, ƙara masa ake yi. Kara ce. Idan magidanci ya rasu ya bar gida da gona da 'ya mai aure, ba wanda zai buɗe baki a gaban baƙo ya ce yaro ne. Sai a ce ai dattijo ne, ai ya ga jika, ai ya manyanta. Da haka ake girmama wanda ya tafi, da haka ake sanyaya zuciyar waɗanda suka rage. Yadda aka ba ni labari daga baya, ma'aikacinku ya tambayi shekaru, Baffa ya ce ya manyanta. Ma'aikacin ya ce kamar nawa, zai kai saba'in? Baffa ya ce zai kai. Ya tambaya ko ya mutu kafin lokacinsa ne, Baffa ya yi istigfari, ya ce ba mai mutuwa kafin lokacinsa. Ma'aikaci ya duba gidajen da ke cikin fom, ya ga na tsufa ne ya fi kusa da wannan amsa, ya sa biro. Minti goma bai yi ba ya wuce gida na gaba, inda wani dattijon yake jiran sa a wani zauren da irin wannan karar.

Ka faɗa da bakinka ranar taron cewa a ƙasashen masu gajeren kara, kowane mamaci da takardar likita ake binne shi, da ranar haihuwarsa da sunan cutar da ta kashe shi. To su takarda ce take faɗin shekaru. Mu kuwa baffan mamaci ne yake faɗa, yana zaune a gaban baƙo, zuciyarsa a karye. Ka ɗauki waɗannan biyun ka jera a takarda ɗaya ka ce ka gwada. Ni idan ɗalibina ya auna tebur ɗaya da rula, ɗaya da ido, ya kawo mini ya ce ga bambancinsu, sifiri zan ba shi, in kuma sa ya sake.

Na huɗu: abin da muka yi mu mata.

Da na dawo daga taron ban iya cin abinci ba. Washegari na ɗauki sabon littafin rubutu na shiga gida-gida, ta ƙofar da ma'aikacinku bai bi ba. Maza ba su san shekaru ba, Yallaɓai, wannan ba zagi ba ne. Mata ne suka sani, sai dai ba da lamba suke riƙewa ba. Suna riƙewa da wa aka haifa damina ɗaya da wa, wa aka yaye tare da wa, wa ya goyi wa. Aikina shi ne in bi zaren har in kai ga wani mai takarda, sai in ɗaure lissafin a jikinsa.

Ga misali. Lantana mai ƙosai, wadda duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin titinmu ya san ta, ta faɗi a gaban kaskonta da ɓarin jiki a shanye, ta yi kwana tara ta cika. Kun rubuta mata saba'in da biyar, don kowa Iya yake ce mata. Tsofaffi uku, kowacce a ɗakinta, suka gaya mini wata ɗaya aka yaye ta da hedimastanmu, har gidan kaka ɗaya aka kai su yaye. Hedimasta yana da takardar ɗaukar aiki. Shekararsa hamsin da biyu. Malam Ɗanjuma mai ɗinki, da kuka ba shi tamanin saboda gemunsa ya yi fari, rana ɗaya aka yi musu kaciya da yayana, wanda yake da hamsin da biyar, kuma sa'o'in juna ne tun suna rarrafe.

Yanzu mu yi lissafin da ka koya mana. Habibu, ashirin da huɗu. Lantana, goma sha takwas. Malam Ɗanjuma, goma sha biyar. Hamsin da bakwai ke nan daga gida uku, inda takardarku ta ce sifiri.

Ban gama ba. Akwai jarirai biyu da babu su a fom ɗinku ko kaɗan. Ɗaya kwana huɗu ya yi, ba a kai ga suna ba. Ɗaya watanta biyar. Na tambayi uban na farkon me ya sa bai faɗa ba, ya ce shi an tambaye shi wa ya rasu a gidan, shi kuwa wannan komawa ya yi, bai zaci da shi ake nufi ba. Uwar tana jin mu daga bakin murhu, ba ta ce komai ba, ta ci gaba da tuƙin tuwonta tana share ido da gefen zani. A ma'auninka kowannensu kusan saba'in ne cur. Ka tara da na sama, ka ga saura kaɗan a cika ɗari biyu, a gari ɗaya, a shekara ɗaya, kuma wannan iya abin da malamar firamare ta iya tabbatarwa ne da littafin rubutu. Tsofaffi uku da suka rasu a shekarar, waɗanda da gaske sun wuce saba'in, ban taɓa nasu ba, na bar su yadda kuka rubuta.

Tunanin da ya fi damuna shi ne wannan. Ba garinmu kaɗai ke da zaure ba, kuma ba mu kaɗai ke da kara ba. Idan haka aka yi a kowane gari, to dogon karan nan na ƙasarmu da ka nuna kana girgiza kai, shi ma an sare masa kai kafin a manna shi. Gaskiyarsa ta fi haka tsawo. Kuna zuwa taron ƙasashe da lambar da kunyarmu ta rage, ku dawo ku ce an samu sauƙi.

Na biyar: maganar ajali.

Na san abin da za a jefe ni da shi, don an fara. An ce Rabi ta yi boko har tana ja da ƙaddara. Ina so a ji ni da kyau. Ban ce Habibu ya tafi kafin ajalinsa ba. Ubana malamin allo ne, a gabansa na sauke, ba wanda zai koya mini cewa kowane rai da wa'adinsa. Amma ajali sirrin Allah ne, ba a ba ofishinka ajiyarsa ba. Abin da aka ba ofishinka shi ne na'urar awon jini, da ƙwayar hawan jini, da ma'aikaciyar da za ta zauna ta duba mutane. A kan wannan nake tambayar ka, kuma a kansa za a tambaye ka ranar da babu akawun da zai tare ƙofa. Addinin da ya ce mu yarda da ƙaddara shi ne ya ce mu nemi magani, kuma shi ne ya hana shaidar zur, ko da a kan fom ce.

Na shida: Baffa Sule.

Na fi kwana uku ina jin nauyin tunkarar sa. Suruki ne, uba ne, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba tun da aka kawo ni gidan. Ranar Alhamis bayan la'asar na durƙusa a bakin zaure da takardar Habibu a hannuna, na gaya masa abin da amsarsa ta jawo. Na zaci zai yi faɗa. Ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake ba ya karatun boko. Sannan ya ce: "Rabi, ni na riƙe ragon sunan yaron nan aka yanka. Na san ba saba'in ba ne, ni ma da ƙyar na kai. Kunya na ji in gaya wa baƙo ɗan da na goya ya riga ni. Na ɗauka mutunci nake yi masa."

Ya ce in kawo littafin. Ya shafa tawada a babban yatsansa ya dangwala a gefen sunan Habibu, inda na rubuta arba'in da shida. Da ya gama ya juya fuskarsa bango, ni kuma na tashi na ba shi wuri. Washegari bayan sallar Juma'a shi ya miƙe a ƙofar masallaci ya gaya wa maza abin da ya yi, ya ce duk wanda ya san ya yi irinsa ya je ya gyara. Yanzu littafin yana ɗauke da yatsan kowane magidancin da ya amsa tambayoyinku. Idan dattijon da ya tasam ma saba'in, wanda bai taɓa zama a aji ba, zai iya tsayawa a gaban jama'a ya ce na yi kuskure, ban ga abin da zai hana mai digiri ba.

Na bakwai: abin da za a rasa.

Tun rasuwar Habibu mazan garin nan suka daina cewa layin masu ciki. Duk Juma'a bayan an sauko, benci biyu ba ya isar su a ƙofar Malama Saratu. Ta samu hawan jini a jikin mutanen da suke rantsuwa lafiyarsu ƙalau, har da babban ɗan Baffa, har da limaminmu. Ita take ba su magani, ita take bin wanda ya daina sha har gona tana yi masa faɗa. Idan kuka ɗauke ta, asibiti mafi kusa sai an hau babur an kuma hau mota, kuma na gaya maka inda motar Habibu ta kai. Manomin da yake tsakiyar ban ruwa ba zai bar fadama yini guda don a auna shi ba. Zai dafe ƙeya ya ce rana ce. Ban ce garin da za ku kai ta ba sa buƙata. Ku nemo musu tasu. Amma kada ku cire tamu da hujjar cewa mu ba ma mutuwa.

Saboda haka ga buƙatuna, Yallaɓai, kuma ba alfarma nake roƙo ba.

A dakatar da ɗauke Malama Saratu har sai an sake ƙirga. A sake ƙirgar da mace a cikin ma'aikatan, wadda za ta wuce zaure ta shiga ɗaki, ta zauna da masu takaba da masu jego da tsofaffin da suka san wa aka yaye da wa. A daina ba mai amsa lamba a baki, a daina tambayar Musulmi ko ɗan'uwansa ya mutu kafin lokacinsa, a tambaye shi da wa aka haife shi da kuma yadda ciwon ya fara. A gyara fom ɗin mijina, a goge tsufa, a rubuta abin da ya faru. Idan kuma da gaske abin da ya tafi sama ba ya dawowa, to a aika gyaran ya bi shi can.

Ranar Litinin ta ƙarshen wata, in Allah Ya kai mu, zan zo ofishinka da littafin. Ba ni kaɗai ba. 'Yar Lantana za ta zo, matar Malam Ɗanjuma za ta zo, uwar jaririn nan da ba ta ce komai ba ita ta fara cewa a sa sunanta. Baffa ya ce ko a amalanke ne sai an kai shi. Ba za mu yi ihu ba, ba za mu zagi kowa ba. Za mu shimfiɗa tabarminmu a ƙofa, mu zauna, kamar yadda ma'aikacinku ya zauna a namu zauren, sai dai mu ba minti goma za mu yi ba. Na riga na nemi izinin hedimasta. Ya ce in je, shi ma yana son ganin ofishin da ya mayar da abokiyar yayensa sa'ar uwarsa.

Ina roƙon Allah Ya ba ka lafiya da nisan kwana na gaskiya, wanda ba a zaure aka ƙara ba. Allah Ya sa ka ga jikokin jikokinka, Ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka, Ya tsare ka daga sa hannu a kan abin da ba ka bincika ba. Allah Ya ji ƙan Habibu da Lantana da Malam Ɗanjuma, Ya sa jariran nan su zama masu ceton iyayensu.

Abu na ƙarshe. Watan jiya Malama Saratu ta auna ni, ta sake aunawa, ta cire na'urar ta dube ni, ta ce Malama Rabi, daga yau kullum ƙwaya ɗaya, kuma duk mako ina son ganin ki. 'Yata ta fari tana da ciki, kafin damina za a fara kira na kaka. Na san mutanen gidanmu, suna ƙaunata, kuma ranar da baƙo ya zauna a zaure ya tambaya, za su yi mini kara. Don haka nake rubutawa a nan da hannuna, a gaban duk wanda ya karanta wannan wasiƙa: shekaruna arba'in da ɗaya. Idan kun rufe ɗakin, kuka dawo baɗi da fom ɗinku, kada wanda ya rubuta mini tsufa.

Wassalam.

Taka a Musulunci,
Rabi Isa,
Malamar lissafi, matar marigayi Habibu,
Rafin Kanya.